Zaren Ganyen Gwaza

A tsibirinmu na Mauke, idan mace ta sayi zare tana shakkarsa, ba ta komawa kanti, gidan Mama Upokoina take nufa. Tsohuwar za ta karɓa, ta warware kamu ɗaya, ta ja shi tsakanin yatsu, ta sa a haƙori ta ciza. In ba ta gamsu ba, sai ta ƙyasta ashana ta kai wa bakin zaren. Na auduga yakan ci wuta ya bar toka mai laushi, kana hurawa ta tashi. Na roba kuwa sai ya ƙudundune ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai wari. Nan take za ta miƙa wa mai shi kayanta ta ce, "Ungo, kai wa mijinki ya kama kifi da shi."

An sha jin haushin bakin nan nata, kuma an sha dawowa. Ai ba a fushi da mai gaskiya har abada, balle wadda duk tivaevae mai kyau da aka shimfiɗa a ƙauyen Kimiangatau shekara hamsin da suka wuce, ko ita ta yanka shi, ko ita ta zaɓi zarensa. Tivaevae shi ne babban mayafin gadon da matanmu ke ɗinkawa da hannu, a yanka furanni ko ganyaye a yadi mai launi a ɗora bisa wani yadin. Da shi ake yi wa amarya rakiya, da shi ake lulluɓe kujerar ɗa namiji ranar askinsa na farko, da shi kuma ake naɗe mutum ranar da zai kwanta a ƙasa.

Tana da shekara tara kakarta ta ɗora ta a kan aikin. Shekara guda cur tsohuwar ba ta bar ta ta taɓa komai ba sai farin zaren riƙo, wato zaren nan marar ƙarfi da ake yin manyan taku da shi don ya riƙe yankakken zane a kan yadi kafin a yi ɗinkin gaske, a ƙarshe kuma a zare shi a yar. Upokoina ta yi kuka ta gaji. Me za a yi da ɗinkin da aka san warware shi za a yi? Kakar ta ce mata, "Ke dai ja zarenki. Duk aikin da kika gani a gidan nan da shi aka fara." Sai a shekara ta biyu aka ba ta zaren ɗinki na auduga, wanda ake zaɓar launinsa daidai da na ƙyallen sama don ya ɓace a ciki. A ta uku ta kai ga zaren surfani mai sili shida, da ake rabawa biyu ko uku a fitar da jijiyar ganye.

Daga can ta ɗauko ƙa'idar da ta ishe mu da ita. Kada zare ya fi ƙyalle ƙarfi. In ya fi shi, a shekara goma na wanki da shanya zai yanka shi kamar reza, ka ɗaga mayafi ka ga furanni suna zubewa, zare kuwa yana nan garau yana ƙyalli. "Su tsufa tare, su ruɓe tare," in ji ta. Aminiyarta Mama Akaiti, wadda suka taso tare tun suna yawo ba takalmi, takan ce, "Ke wa'azin aure kike yi mana ko ɗinki?" Ita kuma ta ce, "Wadda ta binne maza biyu ai ba ta da bakin magana a kan abin da ke daɗewa." Haka suke, kullum kamar za su daku, kullum kuma tabarma ɗaya.

Mijin Upokoina, Papa Nooroa, manomin gwaza ne. Fadamarsa tana can tsakiyar tsibiri, ya yi shekara hamsin yana shiga taɓo har gwiwa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana, yatsunsa kamar saiwar rogo. Sun haifi shida, duk sun watse, wasu babban tsibirinmu Rarotonga, wasu birnin Auckland, kowa da tivaevae ɗinsa na aure a akwati. Gidan ya koma su biyu da kaji.

Tana gab da shekara saba'in idonta ya fara yi mata gardama. Ɗinkin kansa bai gagare ta ba, don yatsunta sun san hanya ko da ido a rufe. Kafar allura ce ta ɓace mata. Ta yi kwana uku tana lasar bakin zare tana caka iska, tana zagin masu ƙera allurar zamani, wai sun daina huda su. Rana ta huɗu da safe ta fito baranda ta tarar da allura goma sha biyu a soke jikin ɗan matashin da take ajiye su, kowace da zarenta yana reto. Nooroa yana gefe yana shan shayi kamar bai san zancen ba.

"Wa ya taɓa min kaya?"

"Kaji."

"Da waɗannan yatsun naka kamar taɓarya? Ai na ɗauka igiyar jirgin ruwa kaɗai za ka iya zurawa."

"To cire su mana, tunda ba su yi miki ba."

Ba ta cire ba. Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya tafi fadama sai ya zura mata goma sha biyu. Da yamma take ajiye masa kwarkwaron zaren da take so a bakin taga, shi kuma ba ya tambaya. Ba ta taɓa ce masa ta gode ba, sai dai ganyen gwazansa da take dafawa da madarar kwakwa ya ƙara kauri.

A wurinmu, macen da ta iya allura ita ke ɗinka wa mijinta tivaevae ɗin da za a naɗe shi a ciki. Ba abin ɓoyo ba ne, ba kuma abin da ake shela ba. Shekarar da Nooroa ya cika saba'in da biyu, Upokoina ta ninka koren yadi huɗu ta sa almakashi. Da aka buɗe, sai ga ganyen gwaza goma sha shida, manya-manya, suna zagaye a kan farin yadi. Akaiti ta riƙe ciki don dariya.

"Wayyo ni! Matan duniya suna yi wa mazansu furanni, ke kin yi wa naki miya?"

"Yaushe kika taɓa ganin mutumin nan da fure a hannu? A cikin gwaza ya rayu, a cikinsa zai kwanta."

Wannan aikin ba ta kai shi zauren matan coci ba, inda ake taruwa a kama ɗinki ɗaya hannu goma. Ita kaɗai take yinsa, a hankali, tsakanin sauran ayyuka. Koren zaren da ta ware masa tsohon ajiya ne, na auduga zalla, da ta saya tun da daɗewa a wani kanti a Rarotonga wanda yanzu ko ginin babu. Nooroa ne ke zura shi a allura kowace safiya, ya kuma san sarai na mene ne. Wani lokaci yakan leƙa ya ce, "Ki ƙara masa faɗi, kin san ba na son ƙafata a waje."

Sai ga shi wata rana ya dawo daga fadama ya zauna a matakala yana haki, ya kasa kai hannu ya wanke taɓon ƙafarsa. Aka sa shi a jirgin sama zuwa Rarotonga. Bayan mako biyu ya dawo da jakar ƙwayoyi da ƙafafu a kumbure. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya koma gida ya huta cikin danginsa. Duk wanda ya ji wannan magana ya san fassararta.

A lokacin ganye goma sha biyar sun kammala, saura ɗaya, wanda farin zaren riƙo kaɗai ke riƙe da shi. A daidai nan koren zaren ya ƙare, kwarkwaro ya fito tsirara.

Ta buga wa 'yarsu Tepaeru waya a Auckland, ta sa ɗan ƙyalle a ambulan ta aika mata don ta gwada launi. Bayan mako uku saƙo ya iso: kwarkwaro shida, kore shar, launi kamar an tsaga kara. Upokoina ta ƙyasta ashana. Zaren ya ƙudundune ya yi wari.

"Roba!" ta ce. "Yarinyar nan a gidana ta tashi kuwa? In naɗe ubanta da abin da ko ƙasa ba ta ci? Yadi ya tafi, mutum ya tafi, a bar zare shi kaɗai a rami kamar komar kifi?"

Ta ninke tivaevae ta sa a akwati ta rufe. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Nooroa yana ramewa daga sama yana kumbura daga ƙasa. Ya daina zuwa fadama, ya koma zaman kujera a baranda, amma bai fasa zura allurai ba, sai dai yanzu na facin riguna ne da matasan kai. Matan ƙauye suka fara ƙus-ƙus. A ce Upokoina, wadda ta gyara ɗinkin kowa, ta binne mijinta da aikin da bai ƙare ba, farin zaren riƙo na leƙowa? Abin kunya ne da za a riƙa tunawa har jikoki.

Akaiti ba ta iya ƙus-ƙus ba. Ta same ta a bayan gida tana kankare kwakwa.

"Ke, ina ganyen ƙarshe?"

"Ba zare."

"Ina da kore a gida, na auduga."

"Naki ya yi haske, kamar ɗanyen lemo."

"Na matar fasto fa?"

"Ya yi duhu."

"Upokoina, wa zai ga haske ko duhu a cikin kabari? Mutumin nan fa ba jiranki zai yi ba."

"Ki fita min daga gida, Akaiti."

Akaiti ta gyara hular sakarta ta ce, "Wanzami dai ba ya son jarfa." Ta tafi tana share ido, don ita ma tana ƙaunar tsohon.

Gaskiyar da Upokoina ba ta faɗa wa kowa ba, ko kanta ba ta cika faɗa wa ba, ita ce ranar da zaren nan ya ƙare wani sanyi ta ji a ranta. Tsoro take ji. Gani take muddin ganyen nan bai ɗinku ba, Nooroa ba shi da abin tafiya, dole ya zauna. Ta san shirme ne, mace ce mai zuwa coci sau uku a mako, amma sanin shirme bai taɓa hana zuciya yinsa ba.

Wata Laraba ta dawo daga taron mata da hantsi, ta tarar da akwatinta a buɗe. Nooroa yana baranda, ya naɗe ƙafar wandonsa har cinya, ragowar koren yadin da aka yanka ganyayen yana kan gwiwarsa. Da bakin allura yake tsokano sili ɗaya daga gefen yadin, ya ja shi a hankali har ya fito. Ya haɗa biyu, ya ɗora a cinya ya murza da tafin hannu, kamar yadda mazan da suke tufka igiya da zaren ɓawon kwakwa. Sannan ya goga shi a guntun kyandir don ya yi santsi. Guda bakwai ya riga ya gama, suna rataye a hannun kujera, kowane bai fi kamu biyu ba. Zufa ce ke tsattsafo masa kamar wanda ya yi noma.

"Nooroa! Me kake yi min da yadi?"

"Zare." Ya miƙo mata ɗaya. "Ga ashana can, gwada."

Ba ta karɓa ba. Mene ne abin gwadawa? Daga jikin yadin ya fito, launinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, ranar ruɓewarsu ɗaya. Duk dokokinta ya cika su, bai bar mata ƙofar fita ba.

"Zai yi ta tsinkewa," ta ce.

"Sai ki ƙulla."

"Ya yi gajere."

"Ni ma abin da ya rage min ba dogo ba ne, tsohuwa." Ya numfasa, ya jira numfashin ya dawo. "Shekara hamsin da ɗaya ina zaune da ke. Na ga kin mayar da zare Rarotonga sau uku a kan launi. Wannan karon ko waya ba ki ɗaga kin ce wa Tepaeru ta sake ba. Ba zare ne ya ƙare miki ba."

Ta zauna a kan matakala ta juya masa baya. Kukan da ta yi wata uku tana haɗiyewa ya ƙwace.

"In na gama, tafiya za ka yi."

"In ba ki gama ba ma tafiya zan yi, sai dai in tafi da ganye ɗaya yana reto, Akaiti ta samu abin faɗa har ta mutu." Ya ɗora mata hannu a ka, hannun yana ƙamshin kyandir. "Kowa a garin nan zai ga mayafin nan ranar, ban da ni. Ni da na zura masa allura ta fi dubu. Haba, Upokoina. Gama min in gani da idona, in ji ɗuminsa tun ina jin sanyi."

Can ta share fuska da gefen zane, ta juyo ta fizge zaren daga hannunsa, ta ja shi tsakanin yatsu.

"Murzar ta yi sako-sako. Ƙara mata."

"To, shugaba."

Kwana goma sha ɗaya suka yi a kan ganyen nan. Shi yana zarewa yana murzawa, ya huta, ya zura. Ita tana ɗinki kusa da ƙafarsa. Zaren gajere ne, ƙulli ya yi yawa a baya, wani wurin ma yana ɗan leƙowa, abin da da a aikin wata ta gani sai ta sa an warware. Ba ta warware ba. Da ta sa taku na ƙarshe ta ciza zaren, sai ya ce a bar masa cire na riƙon. Ya bi farin zaren yana ja da yatsun nan nasa, sili bayan sili, ya dunƙule shi ya sa a aljihun riga.

Suka shimfiɗa shi a kan igiyar shanya, iskar teku tana kaɗa ganyayen. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan fadamar ta fi tawa kyau," ya ce. "Ko ciyawa babu."

Mako shida ya yi yana lulluɓa da shi a baranda. Wasu tsofaffi suka ce ba a saba ba, mai rai da mayafin tafiyarsa. Ya ce su je su kai ƙara. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya kama gefen ya nuna masa ganye na goma sha shida: "Ka ga wannan? Ni na yi zarensa. Sauran na kanti ne." Jikoki suka zo daga Auckland suka hau kansa da yatsu masu maiƙo, shayi ya zuba a gefe ɗaya, Upokoina ta buɗe baki za ta yi faɗa ta fasa. Idan ta shiga ɗakin girki takan jiyo shi yana motsi da wani abu a ƙarƙashin mayafin, in ta leƙo ya yi lamo kamar mai barci. Ta ɗauka alewar da likita ya hana shi ce Akaiti ke shigo masa da ita, ta kawar da kai.

Wata safiyar Talata ya sha rabin shayinsa, ya ce ta ja masa mayafin ya rufe ƙafa. Ta ja. Kafin ta dawo da kofin daga wanki, Nooroa ya cika.

Aka naɗe shi a cikin ganyayensa, da tabon shayin da komai, aka kwantar da shi a gaban gida kusa da matakala, inda muke ajiye namu. Tivaevae ɗin ya rufe shi har ƙafa, da saura.

Baƙi suka watse, Tepaeru ta koma bakin aikinta. Upokoina ba ta sake taɓa ɗinki ba. Matashin allurai yana nan a bakin taga, fanko. Bikin jikarta yana tafe a ƙarshen shekara, an yanka yadin tun tuni, ko riƙo ba a yi masa ba. In an tambaye ta sai ta ce ido, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ko 'yan mata sun ce za su zo su zura mata, sai ta ce a'a. Ba ta son ganin wasu yatsu a kan aikin da ya zama nasa.

Rannan Akaiti ta shigo ba sallama, ta wuce kai tsaye ƙarƙashin kujerar Nooroa, ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit ta dire mata a cinya.

"Ya ce in ba ki wata ɗaya ki nemo da kanki. Na ba ki wata biyu, makauniya kawai. Duk allurar da ke kantunan tsibirin nan ni ya aika na kwaso masa, har ana tambayata ko asibiti zan buɗe."

Upokoina ta buɗe. Kwarkwaro uku ne a ciki, ta shafa ta ji wani abu yana sukarta kamar ƙananan ƙayoyi. A jikin zaren kowane kwarkwaro ya jera allurai, ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya, ba tare da ya yanke zaren ba, ya ƙulle bakin. Abin da za ta yi kawai ta riƙe ta gaba, ta tura sauran baya, ta ja tsawon da take so ta yanke, ta sake ƙullewa. Ta kai zaren bakinta ta ciza, ya tsinke ba gardama. Ko ba ido ta san shi. Farin zaren riƙo ne, duka ukun.

"Tsohon banza," ta ce. Ta juya wajen kabarin. "Duk zaren da ke gidan nan, sai wanda ake fara aiki da shi ka zaɓa? Wato ko a can ma ba za ka bar ni in huta ba?"

Akaiti ta zauna kusa da ita suka yi kukansu mai isarsu. Sannan Upokoina ta face hanci, ta ce, "Tashi ki ɗauko min yadin yarinyar nan a akwati. Ki wanke hannu tukuna."

Suka shimfiɗa shi a baranda, gefe ɗaya yana kallon matakala. Ta riƙe allurar farko, ta tura sauran baya a hankali, ta ja zaren kamu uku.